Kawu Barend da Wasan da Ya Ƙi Ƙarewa

Jawabin da Sista Miriam Bitrus ta yi a taron tunawa da marigayi Barend Vermaak, a Al Thumama, Doha, ranar Juma'a da yamma.

Shugaban taro, Alhaji Abdul-Majeed, Sarkin Zangonmu na Doha, Allah ya ƙara girma. Fasto Alex da Malam Umar Faruq, iyayenmu a addini, muna gaisuwa. Wakilin maɗaba'ar da marigayi ya yi wa aiki shekara goma sha uku, sannu da zuwa. Iyalin marigayi, wato 'yarsa tilo, Ronel, da maigidanta, waɗanda suka taso tun daga Afirka ta Kudu, muna yi muku ta'aziyya. Dattawa, iyaye mata, abokan aiki na asibiti da na Sanaiya, da duk wanda ya musanya duti don ya zo nan yau, salama a gare ku duka.

Edwin, kai ne kake zaune kusa da Ronel kana fassara mata. Ka fassara duka. Na san halinka, idan magana ta yi zafi sai ka zuba mata ruwa. Yau kada ka rage ko kalma ɗaya.

An zaɓe ni in yi magana a madadinmu duka, ban san dalili ba, domin kowa a nan ya san babu wanda ya kai ni faɗa da Kawu Barend. Kwana uku ina rubuta jawabi mai daɗi ina yagawa. A ƙarshe na ce gara in faɗi gaskiya. Muna cikin baƙin ciki, ƙwarai kuwa. Amma kuma muna jin haushinsa, kuma ni dai haushin bai sauka ba tukuna.

Ya kasance marubucin wasan kwaikwayo. An haife shi a wani ƙaramin gari a yankin Karoo, inda ya ce tumaki sun fi mutane yawa kuma sun fi su sauraron magana. Ya yi koyarwa, ya rubuta wasanni goma sha ɗaya cikin harshensa na Afrikaans, an nuna tara daga ciki. Ya kasance mai buga littattafai. Ya buɗe 'yar maɗaba'a a bayan gidansa, yana buga rubutun waɗanda manyan kamfanoni ba sa ko kallo: masu aikin gona, masu gyaran layin dogo, wata tsohuwa mai wanki da ta shekara arba'in tana tara labarai a littafin makarantar jikanta. Yana bugawa da Afrikaans ɗin da suke yi a bakinsu, ba wanda aka wanke aka goge ba. Littafi arba'in da biyu ya fitar. Ƙanensa ya taɓa zuwa nan ziyara, ya gaya mana yadda maɗaba'ar ta mutu. Wai an gama buga wani littafi kaf, an ɗaure, an kai shaguna, sai Kawu ya ga wani shafi bai yi masa ba. Ya bi shago shago ya kwaso littattafan ya sake bugawa. Ya yi irin wannan sau uku. Da muka ji labarin babu wanda ya yi mamaki, don mun riga mun ɗanɗana.

Haka ya zo Doha yana da shekara hamsin da biyar, aka sa shi kula da injinan wata maɗaba'a a Sanaiya, unguwar masana'antu. A can ya haɗu da Gafaru, wanda ke riƙe da injin yankan takarda, kuma a bakin Gafaru ya koyi Hausa. Shi ya sa Bature ɗan Karoo ya yi ta yi mana Hausar Zangon Kumasi har ya bar duniya.

Ni kuwa a asibiti muka haɗu. Ya yanke a tafin hannu, aka kawo shi wurina. Ina wanke masa ciwo ina yi wa abokiyar aikina Caroline faɗa a kan ta bar min tire babu auduga. Na ɗaga kai sai na ga mutum ya ɗora takarda a gwiwa yana rubutu da ɗayan hannun. Na ce masa, "Baba, me kake rubutawa?" Ya ce, "Faɗanki. Ci gaba, kada ki tsaya." Na ce wannan tsoho ko zazzaɓi ya taɓa masa kai. Bayan sati biyu ya dawo a cire masa zare, ya miƙo min shafi uku da Gafaru ya taya shi mayarwa Hausa. Wata mata ce a cikin mota tana yi wa direba masifa. Na karanta na ji kunya ta kama ni, saboda ni ce sak, har yadda nake cewa "ka ji ni ko?" a ƙarshen kowace magana.

Daga nan aka fara wasan da ya cinye mana ranakun Juma'a na shekara tara.

Ga waɗanda ba su sani ba, wasan a cikin motar kamfani yake, irin bas ɗin da ke ɗaukar ma'aikata daga masauki zuwa wurin aiki. Mota ta tashi da fasinja goma sha biyu, kowa da abin da ya dame shi. Kawu yana rubutawa da Afrikaans, sai ya zauna da ni da Gafaru ya bayyana mana da Turanci, mu mayar da Hausa, shi kuma ya saurara ya ce, "A'a, ba haka take magana ba." Mutumin da ya koyi Hausa da furfura a kansa yana gaya min, ni 'yar Kafanchan, yadda Bahaushiya take magana. Abin takaicin kuma, sau da yawa shi ne da gaskiya.

Da wasan ya kankama sai ya kafa doka ɗaya, kuma wannan dokar ce ta kai mu bango. Ba ya rubuta wa kowa magana sai ya yi wata uku yana sauraronsa. Idan kuma ya rubuta maka, to naka ne, babu wanda zai hau kujerarka. To jama'a, a Doha muke. Wa yake daɗewa a nan? Yau kana nan, gobe kwantiragi ya ƙare, ko kafil, mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar, ya canza shawara, ko an kira ka daga gida. Duk lokacin da ɗan wasa ya tafi, maimakon a sa wani a madadinsa kamar yadda ake yi a ko'ina cikin duniya, sai Kawu ya koma ya sake rubuta wasan don fasinjan nan ya sauka a hanya. Idan sabon mutum ya shigo ƙungiya, sai a jira wata uku a rubuta masa inda zai tsayar da mota ya shiga. Mun haddace wasan nan ya fi sau ashirin. Akwai maganar da na haddace da daddaɗan lafazi, har ina yi a banɗaki, aka share ta don wanda nake gaya wa ya koma Tamale.

Ku tuna shekarar da muka kusa. Mun samu zaure a Al Rayyan. An jera kujeru ɗari da hamsin. Adjara ta jiƙa wake da shinkafa, matan coci sun shirya toya waina. Saura kwana uku sai aka kira Caroline cewa mahaifinta ya faɗi, ta hau jirgi washegari, ba ta kuma dawo ba. Happiness, 'yar ƙungiyarmu, ta haddace maganganun Caroline tun daga fari har ƙarshe, tsayinsu ma ɗaya. Muka je wurinsa mu bakwai. Gafaru ya durƙusa, babban mutum mai 'ya'ya huɗu, ya ce, "Kawu, don Allah, yau ɗaya kawai. Mutane sun ɗauki hutu." Kawu ya ce, "Happiness ba ta dariya kafin ta yi kuka. Caroline tana yi." Na ce masa, "Kawu, wa zai lura a cikin 'yan kallo?" Ya ce, "Ni." Ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi. Muka kwashe kujeru da hannunmu, muka raba abinci a masaukin ma'aikata. Wata biyu ban gaishe shi ba. In na hango shi a bakin coci sai in bi ta ɗaya ƙofar.

Amma zan faɗi sauran, tunda na ce gaskiya zan faɗa. Ya rubuta saukar Caroline. Shafi biyu ne kawai: mota ta tsaya, ta sauka, ta dawo ta ɗauki jakar da ta manta, ta sake sauka, ta sake dawowa don ba ta yi wa direba sallama ba. Muka aika mata. Ta kira ni daga Pankshin, ranar da aka yi sati da binne mahaifinta, tana dariya, daga nan ta fashe da kuka. Ta ce, "Sista, a kamfani lamba ce ni, ranar da na tafi aka ba wata makullin lokar ajiye kayana. Ashe akwai inda ba a ba kowa kujerata ba." Na ajiye waya na zauna. Na so in ci gaba da fushi, na kasa yin sa yadda ya kamata.

Mutum goma sha tara ya sauke daga motar nan cikin shekara tara, kowa da saukarsa. Wasu suna kallonmu yanzu ta waya daga Accra da Jos da Kumasi. Muna gaishe ku. Kun tsira kun bar mu da shi.

Ya kasance mai taimako, kuma ko taimakon nasa sai ka yi haƙuri kafin ka ci moriyarsa. Wa bai kai masa takardar kwantiragi ya karanta masa ba? Wa bai zauna a ofishinsa mai warin tawada ba, yana jira a rubuta masa wasiƙa zuwa ga kafil? Za ka je da ƙarfe huɗu kana sauri, ka ce masa, "Yalla Kawu, layi uku kawai nake so." Sai ya sa a kawo maka shayin karak, ya tambaye ka sunan ƙauyenku, da abin da mahaifiyarka take nomawa. Magariba za ta yi kana nan. Amma wasiƙar in ta fita, takan yi aiki. Akwai mutane a zauren nan da suka samu hutun zuwa jana'izar iyayensu saboda wasiƙarsa. Akwai wanda aka sake shi ya koma wani kamfani lafiya lau ba tare da rigima ba. Bai taɓa karɓar ko kwalbar ruwa a kan wannan ba.

Ya kasance mai son aiki ya fita da kyau, har ya wuce misali. Zuleiha tana nan, ga ta can tana rufe fuska. Kawu ya ce shi zai buga katin gayyatar aurenta, kyauta. Takardar farko ta cika haske. Ta biyu ta cika kauri. Ta uku launin zinariyar ya yi kama da na kwalin magani. Aka ɗaura aure ranar Juma'a, aka yi biki ranar Asabar, kati ya iso ranar Litinin. Ya kawo da kansa, guda ɗari biyu, yana murmushi kamar wanda ya yi abin kirki. Zuleiha ta ce, "Kawu, wa zan gayyata yanzu?" Ya ce, "Amma duba yadda ya yi kyau." Khalas, abin da ya ce ke nan. Katin yana rataye a falonta cikin gilashi har yau, kuma ni ban taɓa ganin kati mai kyansa ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi game da mutumin nan. Ba ya barin ka ka yi fushi da shi cikin kwanciyar hankali.

Watan jiya aka kwantar da shi a ɓangaren da nake aiki. Zuciya ce. Kwana goma sha shida ya yi, kuma ya fi kowane majinyaci wahalar da ni. A ba shi magani ya ce sai ya gama layi. A kashe masa fitila ya kunna. Wata rana da hantsi ina gwada masa jini sai ya ce, "Miriam, na gama." Na ce, "Me ka gama?" Ya ce, "Wasan. Mota ta isa." Na ce masa, "Kawu, ka faɗi haka sau shida a gabana. Ɗaga hannu in ɗaura wannan." Ya yi dariya har na'ura ta fara ƙara. Ban tambaye shi komai ba. Ban ce ya karanta min ba. Na ɗauka akwai wata Juma'ar. Bayan kwana biyu ya rasu, ina gida ina hutun duti. Wannan kam ba laifinsa ba ne, nawa ne, kuma yana ci min rai.

Da muka je kwashe kayansa muka samu kashi na ƙarshe a cikin jakarsa. Shafi goma sha huɗu, rubutun hannu, da Afrikaans, ko kalma ɗaya ba a mayar Hausa ba. Edwin ya ɗauki hoto da waya don na'ura ta fassara, amma kun san rubutun Kawu, kamar kaza ta bi ta kan tawada. Na'urar ta ce wai ana maganar kifi da haraji. Sai na kai wa wata abokiyar aikina 'yar ƙasarsu, mai gasa wa majinyata ƙashi. Ta sa tabarau, ta karanta rabin shafin farko, ta rufe, ta miƙo min. Ta ce, "Wannan ba ni ya kamata in karanta ba." Na ce don me? Ta nuna min da yatsa. A saman shafin mota ta tsaya, wata fasinja ta shigo. Sunanta yana nan a gefen kowace magana har shafi na goma sha huɗu. Wannan kam, ko ni da ban iya harshen ba, na karanta shi. Ronel.

Ku duba min wannan al'amari, jama'a. Shekara tara muna jira. Ya gama wasan, sai ya rubuta ƙarshensa a bakin wadda take wata nahiya, da harshen da babu mai ji a cikinmu, alhali ya san dokar da ya kafa mana da bakinsa. Yana kabari ma bai fasa ba mu aiki ba.

Ronel, 'yar'uwata, yanzu da ke nake. Edwin, a hankali.

Ban san abin da ya shiga tsakaninki da mahaifinki ba. Bai taɓa gaya mana ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Ke ce kika gaya min ranar Laraba cewa shekara goma sha ɗaya ba ku yi magana ba, kika kuma yarda in faɗa a nan. Kin ce za ki rufe akwatunan takardunsa ki kai ɗakin ajiyar wata jami'a a gida, ba za ki buɗe ko ɗaya ba. Kin ce tun kina yarinya mutanen cikin takarda sun fi ki samun lokacinsa. Ba zan ce miki ƙarya kike ba. Mun zauna da mutumin, mun san yadda yake iya kallon ka yana sauraron wani abu dabam. Idan ya yi miki abin da ya yi wa katin Zuleiha, wato ya yi ta gyara maganar da zai gaya miki har lokaci ya wuce, to kina da dalilin fushi fiye da mu duka. Babu wanda ya kira ki nan don ya ce ki yafe. Wannan tsakaninki da Allah ne.

Amma ki ji wannan. Mutumin da ba ya rubuta wa kowa layi ɗaya sai ya saurare shi wata uku, ya rubuta shafi goma sha huɗu a bakin wadda rabon da ya ji muryarta shekara goma sha ɗaya. Bai taɓa yi wa wani haka ba. Ban san abin da ya sa a bakinki ba. Wataƙila neman gafara ne. Wataƙila taurin kai ne ya ƙara, don ba zan sa hannu a wuta a kansa ba. Wataƙila ma ya rubuta yarinyar da ya sani, ba matar da ke zaune a gabanmu ba. Ke kaɗai za ki iya faɗa.

Ni ma ina da tawa buƙatar, ba zan ɓoye ba. Cikin goma sha biyun da suka shiga motar nan ranar farko, ni da Gafaru kaɗai muka rage. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen watan nan, zan koma gida gaba ɗaya. Duk wanda ya tafi an rubuta masa saukarsa. Ni babu mai rubuta min. Na ƙirga sunana a shafukan nan, ya fito sau shida, na ƙarshe a shafi na goma sha uku. Shekara tara ina yi wa direban nan masifa, ina so in san ko na sauka, da abin da na ce kafin in sauka.

Jirginki ranar Talata ne. Alhaji ya ba mu zauren nan ranar Litinin da yamma, kuma za mu yi wasan, da takarda a hannu in ta kama. Gobe Asabar da ƙarfe huɗu Gafaru zai tsaya da mota a ƙofar otal ɗinki. Ba zai kira ki ba, ba zai aiko kowa ba, zai jira har magariba. Idan kin sauko, mu zauna ki karanta mana, mu mayar da Hausa, abin da bai yi miki ba ki ce a cire, don yanzu babu mai hana mu. Idan ba ki sauko ba, babu wanda zai ga laifinki, kuma mu da kanmu za mu raka ki filin jirgi da akwatunanki. Ranar Litinin sai mu yi wasan har inda Hausarsa ta tsaya, mu juyo mu gaya wa jama'a cewa nan ya bar mu.

Mun gode wa Alhaji da ya ba mu wuri, da maɗaba'ar da ta buga takardar taron nan, wadda a karon farko a tarihinmu ta iso kafin taro. Mun gode wa matan da suka dafa abinci, da duk wanda ya baro hutunsa na Juma'a ya zo.

Mu yi addu'a, kowa bisa ga imaninsa. Ya Ubangiji, ga bawanka Barend ya zo gabanka. Ya gajiyar da mu, ya kuma ƙaunace mu, mu ma mun ƙaunace shi. Ka karɓe shi yadda ya zo, ba sai an sake rubutawa ba. Ka ba shi hutawa. Ka sanyaya zuciyar 'yarsa, ka ba ta ƙarfin yin abin da zai fi mata sauƙin ɗauka, ko wanne ne. Waɗanda suka riga mu komawa gida ka tsare su, mu da muka rage a ƙasar mutane ka kai mu gida lafiya. Amin.